Hular Baba a Bakin Garmaho

Shekarun baya, lokacin da rusau ya iso layinmu a unguwar Tandabawi da ke Makka, mahaifiyata ta ce ita ba inda za ta. An rubuta lamba da jan fenti a bangon gidanmu, an ba mu wa'adi, maƙwabta sun fara kwashe kaya, amma ita ta shimfiɗa dardumarta a tsakar ɗaki ta zauna kamar ba da ita ake ba. A lokacin Baba bai cika shekara da rasuwa ba. Yayana ya riga ya kama gida a unguwar Ka'akiyya, ya ware mata ɗaki mai taga biyu. Duk ranar da ya zo mata da maganar tashi, sai ta ce, "Tayyib, to, Allah ya kai mu," ta ci gaba da jan carbinta. Saura mako uku a yanke wuta da ruwa, ga ta da ciwon suga, ga zafin Makka da ba ya raga wa kowa.

Ni ne auta, kuma ni ne mai baki a gidan. Sana'ata sauti ce. Ina gyara lasifika a masallatan unguwa, ina haɗa na'urori a wurin walima, sannan ɗaliban ilimi da suka zo daga Najeriya suna kawo mini tsofaffin kaset na karatun malamansu in mayar musu cikin waya. In share ƙara, in cire tari, in yanke wurin da malam ya tsaya shan ruwa. Karatun awa guda nakan mayar da shi minti hamsin ba tare da harafi ɗaya ya ɓace ba. Ina alfahari da wannan, kuma a wancan lokacin duk wanda ya zauna da ni minti biyar sai ya ji labarin.

Ranar da muka fara ɗaure kayan ɗakin Baba, muka jawo wani baƙin akwati daga ƙarƙashin gado. Garmaho ne, irin wanda ake wanawa da hannu. A gefensa akwai wani kundi mai kwali, da faya-fayai uku a ciki, baƙaƙe masu nauyi, kowanne cikin rigarsa ta takarda.

Na san labarinsu sama-sama. Baba ya shigo ƙasar nan daga Kano yana ƙaramin yaro, a bayan iyayensa. Da ya zama saurayi ya yi wa wani likita Bature tuƙi a Jidda. Da likitan zai koma ƙasarsu, sai ya bar masa garmahon da wannan kundi guda. Baba ya dawo Makka ya kama ɗinki, ya yi aure, ya zama mutumin da za ka wuni da shi a shago ba ka ji kalma goma daga bakinsa ba. Amma duk ranar Alhamis bayan la'asar yakan rufe ƙofar ɗaki da taga, shi da Umma, ya sa abin da yake kira gogen Bature. Ni dai abin da na riƙe shi ne Alhamis ranar ƙwallo ce, ba mai nemana sai magariba. Kafin in yi hankalin tambaya, wani abu ya tsinke a cikin garmahon, Baba ya tura shi ƙarƙashin gado, ba a sake zancensa ba.

Yayana malamin makaranta ne, kuma ba ya sauraren kiɗa kowane iri. Bai taɓa yi wa Baba magana a kai ba, ficewa kawai yake yi idan Alhamis ta zo. Ranar ya durƙusa gaban Umma ya ce, "Umma, komai naki zan ɗauka, har turmi da taɓarya. Amma ki yi mini afuwa, wannan ba zai shiga gidana ba."

Ta dube shi ta ce, "Ni na ce ka ɗauka? Abu ɗaya nake so. In ji shi sau ɗaya a ɗakin nan, yadda yake. Kafin nan, ya waladi, ɗana, ko baladiyya, hukumar garin nan, ta kawo motar rusau bakin ƙofa ba na tashi."

Wannan ne karo na farko da ta faɗi abin da ya zaunar da ita. Yayana ya sunkuyar da kai. Ni kuwa har wani daɗi na ji, don magana ta zo inda na fi ƙarfi. Na ce, "Umma, wannan ne kawai? Ai aikin minti goma ne. Gobe war haka kin ji shi, jibi mu kira mota."

Na kwafi rubutun da ke jikin faifan na bincika a intanet. Ashe abin ba ƙarami ba ne. Irin kiɗan nan ne da Turawa ke kira sonata, wato dogon kiɗa na mutum biyu, ɗaya da goge ɗaya da fiyano, an raba shi kashi uku. An ɗauke shi a Turai tun kafin yaƙin duniya na biyu, kuma masu son irinsa har yau suna yabon mutanen biyu da suka kaɗa shi. Wasu ma sun riga ni aikin, sun wanke shi tas, ba ƙara ba shashsheka. Na sauke shi a waya, na ɗauki lasifikata mafi kyau, na tafi ina tafiyar wanda ya riga ya ci nasara.

Umma ta saurara kamar minti biyu, ta ce, "Wannan na wasu ne."

Na ce, "Umma, shi ne wallahi. Mutanen nan biyu ne, rana ɗaya, ɗauka ɗaya."

Ta ce, "To, su ne. Amma ba na babanku ba ne. Kashe."

Ban karaya ba. Na ce a raina tsohuwa ƙarar faifan take nema, wannan shuuu ɗin mai kama da ana suyar ƙosai a ɗaki na gaba. Na san maganin wannan. Na aro na'urar faifai a wurin wani mai tara tsofaffin kaya, na wanke faya-fayan Baba da ruwa mai ɗumi da auduga, na ɗauke su fuska-fuska cikin kwamfuta. A nan na fara sauraren abin da kunnen gaske, kuma ba zan ɓoye ba, ya kama ni. Mai gogen ba ya tsallakawa daga sauti zuwa sauti, jan sa yake yi a hankali kamar mai lallashi. Mai fiyanon kuma wani lokaci ya ba shi amsa, wani lokaci ya katse shi. Akwai wurin da ake jin ɗayansu ya ja numfashi. Mutane ne da ƙasa ta daɗe da rufewa, amma ga numfashin nan a ɗakina.

Kowace fuska tana da lamba a jiki, ɗaya zuwa shida. Na lura da wani abu: bayan fuska ta ɗaya ba ta biyu ba ce, ta shida ce. Bayan ta biyu ta biyar, bayan ta uku ta huɗu. Na bincika na gane dalili. An buga su ne don wata na'ura ta masu hali, wadda ake jera mata faya-fayan uku ta riƙa sako su ɗaya bayan ɗaya, sannan a kife su gaba ɗaya a ji sauran. Na ji daɗin kaina da na gano wannan. Na jera su daidai, ɗaya, biyu, uku, har shida, na ɗinke bakin kowace da ta gaba yadda ko mai kunnen zomo ba zai ji mahaɗin ba. Kwana huɗu na yi a kai.

Wannan karon da aka fara, Umma ta ajiye carbi. Ta lumshe ido, tana ɗan gyaɗa kai. Na kalli yayana da ke tsaye can a matakala, na ɗaga masa gira. Fuska ta ɗaya ta ƙare, ta biyu ta shigo sumul. Sai Umma ta buɗe ido.

"Me ka sa a nan?"

"Ci gabansa ne, Umma."

"Ba shi ba ne ci gabansa."

Na ɗauko faifan na nuna mata. "Ga lamba, Umma. Wannan ɗaya, wannan biyu. Su da suka yi abin haka suka rubuta. Ba ni na ƙirƙira ba."

Ta ce, "Kai da lambarka. Shekara talatin ina jin abin nan duk Alhamis, kai kana can kana fasa wa mutane gilashi da ƙwallo. Bayan wannan, ga abin da ke zuwa." Sai ta rera shi da hanci, tana buga yatsa a gwiwa, wani kiɗa mai gudu da tsalle-tsalle. Na san shi nan take, don na kwana huɗu da shi a kunne. Fuska ta shida ce, ƙarshen kiɗan gaba ɗaya.

Baba ya iya Larabci ya iya ajami, amma lambobin boko ba su taɓa damunsa ba. Abin da kowane mai hankali zai yi shi ya yi: fuska ta ƙare, ya juya bayanta. Don haka shi a wurinsa kiɗan yana tafiya ne ɗaya, shida, biyu, biyar, uku, huɗu. Ƙarshen yana zuwa na biyu, tsakiyar kuma ita ce ƙarshe. Haka ya ji shi tun yana saurayi har ya tsufa.

Da ina da wayo da na yi shiru. Amma bakin auta ba ya da linzami. Na ce, "Umma, ashe Baba a birkice yake sa shi duk shekarun nan."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. Ta ce, "Bari in tambaye ka. A naka na daidai ɗin, wurin nan mai sanyi, inda suke magana a hankali, a ina yake?"

"A tsakiya."

"Daga nan sai me?"

"Sai mai gudun."

"To ka gani. Babanku cewa yake miji da mata ne. Fiyanon shi ne mijin, gogen ita ce matar. Su fara da musu, su ɗaga murya, su koma musu, su tsokani juna, sannan a faifan ƙarshe su shirya. A kan sulhu ake tashi. Kai kuma ka sa sun shirya a tsakiya sun koma hayaniya. Wane gida ake yin haka?"

Ni dai har lokacin ina ganin matsalar ta kwamfuta ce. Nan take na buɗe ta a gabanta, na ja wannan na kai can, na jera su yadda Baba yake ji. Na ce, "Khalas, shi ke nan, Umma, ga na Baba." Fuska ta ɗaya ta ƙare, ta shida ta faɗo a kanta ba ko numfashi. Umma ta ɗaga hannu.

"Ina kake kai su da gudu haka?"

"Ai haka ake so, kada a ji yankewa."

Ta ɗauki carbinta ta ce, "Ka yi ƙoƙari, Allah ya yi albarka. Rufe kawai." Duk wanda ya tashi a gidan Hausawa ya san idan uwa ta ce ka yi ƙoƙari da wannan murya, ka faɗi ke nan. Na naɗe wayoyina ina jin haushi, haushin kaina da nata duka. Saura kwana tara, kuma a ranar ko abincin rana ba ta taɓa ba.

A matakala yayana ya tare ni. Na zaci zai ce ai ga irinta nan. Sai ya ce, "Ka gyara garmahon."

Na ce, "Yaya, sautin ɗaya ne. Nawa ma ya fi fita."

Ya ce, "Ni ban san sauti ba, kai ne gwani. Amma cewa ta yi yadda yake. Ba ta ce yadda ya fi kyau ba." Ya zaro mabuɗin motarsa ya miƙo mini, don tawa tana wurin makaniki. Na tsaya ina kallonsa, mutumin da ko ƙararrawar wayarsa ba ta kiɗa ba ce. Ya ce, "Kada ka kalle ni haka. Uwata nake so in fitar daga gidan nan da ƙafarta."

Ina da aboki mai gyaran agogo, ɗan unguwarmu, wanda shi ma rusau ya riga ya kora can wajen gari. Na kai masa akwatin. Ya kwance shi, ya leƙa, ya ce sifirin ɗin ciki ne, naɗaɗɗen ƙarfen nan da ake wanawa, ya tsinke daga baki, man da ke jikinsa kuma ya daskare kamar ƙaro. Na fara yi masa bayanin yadda nake ganin ya kamata a yi. Ya ce, "Ya shaikh, je ka sha shayi. Wannan ba lasifika ba ce. In ya kuɓuce sai ya cire maka yatsa." Ya gasa bakin ƙarfen, ya huda sabon rami, ya wanke, ya sa sabon mai. Kwana uku abin ya ɗauka, ni kuwa kullum ina bakin shagonsa kamar mai jiran haihuwa. A cikin murfin muka sami wani ɗan gwangwani cike da allurai, Baba ya naɗe shi da ƙyallen yadi.

Ranar Alhamis bayan la'asar na kai wa Umma garmahon. Ɗakin ya zama fayau, an kwashe komai sai dardumar Umma da matashinta da butar shayi. Yawancin gidajen layin ba ƙofofi, kura kawai da kyanwoyi. Duk da haka ta ce in rufe taga. Yayana ya gaishe ta, ya koma matakala ya zauna.

Na ajiye garmahon a ƙasa, na wana shi, na sa allura. Zan ɗora ta ke nan Umma ta ce, "Dakata." Ta sa hannu ƙarƙashin matashi ta ciro hular Baba, tsohuwar ƙube da ya ƙi rabuwa da ita duk da kowa a layin farar hula yake sawa. Ta miƙo mini.

"Tura masa a baki."

"A bakin garmahon?"

"Eh. Kana so maƙwabta su ji? Nan Makka ce." Alhali babu maƙwabci ko ɗaya da ya rage. Ta ce, "Shi ya sa duk Alhamis nake ganin babanku ba hula. In ba ranar ba, ko ni ba na ganin tsakiyar kansa da rana."

Na cusa hular a ramin da sauti ke fitowa, na sauke allura. Abin da ya fito, in don aikina ne, da kunya ba za ta bar ni in miƙa wa mai shi ba. Sautin ya dushe, fiyanon kamar daga cikin rijiya, gogen siriri, ga shuuu a kai. Na kalli Umma. Ta jingina da bango, ta miƙe ƙafafu, bakinta yana ɗan motsi tare da gogen. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba tun ranar da aka fita da Baba.

Bayan kamar minti huɗu fuskar ta ƙare, allura tana ta zagaye a tsakiya. Na ɗaga ta da sauri, na kai hannu zan juya faifan.

"A hankali," in ji Umma. "Ba a haka. Sai ka cire allurar ka sa wata. Sai ka goge faifan da hannun riga. Sai ka wana. Ni kuma in zuba shayi."

Ta zuba mini a ƙaramin kofi. Ina wanawa tana magana, ba ni take kallo ba, garmahon take kallo.

"Babanku ba ya magana, kun sani. Amma a nan, hannunsa na kan wannan ƙarfen, idonsa ba ya kaina, a nan yake yi. Tsayawa biyar ce tsakanin fuska da fuska. Magana biyar a mako. A nan ya ce mini zai bar tuƙi ya kama ɗinki. A nan na gaya masa ina da cikin yayanka. A nan ya ba ni haƙuri ranar da ya ɓata mini, sau ɗaya tak a rayuwarsa, yana goge faifai. Sunanka ma a nan aka zaɓa, tsakanin na biyu da na uku. Duk shawarar gidan nan a wannan shirun aka yanke ta."

Na tsaya da hannuna a kan mawanin. Ni da na kwana huɗu ina ɗinke wuraren nan don kada a ji su. Kunya ta kama ni, irin wadda ba ta da wurin ɓuya, kuma tare da ita wata kewar Baba da ban san ina da ita ba.

Umma ta ɗaga murya kaɗan ta ce, "Babban yaya, yanzu ba kiɗa. Shigo ka sha shayi."

Ya shigo. Ya durƙusa ya karɓi kofi, ya sha, ya tambaye ta ko ta sha maganinta. Da ya ga na ɗauki allura, ya ajiye kofin ya koma matakala. Haka muka yi ta yi. Kiɗa ya tashi ya fita, kiɗa ya tsaya ya shigo. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya ce masa ya zauna. A tsayawa ta biyu ta tambaye shi ko ɗakin can yana samun rana da safe. A ta uku ta ce ita fa ba ta son labule mai duhu. A ta huɗu kofinta kawai ta riƙe har shayin ya huce.

Faifan ƙarshe ya hau, wurin sulhun. Su biyun suna tafiya a hankali, wannan ya faɗa wancan ya maimaita. Fuskarsa ta farko, mai lamba uku, ta ƙare. Na ɗaga allura, na canza, na goge, na fara wanawa. Yayana ya shigo ya tsuguna a bakin ƙofa. Saura fuska ɗaya.

Umma ta dubi bangon ɗakin, ta dubi silin, ta dubi inda gadon yake a da. Sannan ta ce, "Gobe bayan Juma'a ku zo da mota."

Yayana ya ce, "To, Umma." Ya tashi ya fita tun kafin in taɓa allurar. Na sa fuskar ƙarshe, muka ji ta har ta mutu a hankali. Umma ta ce in ciro mata hular. Ta karkaɗe ta, ta gyara mata baki, ta sa a jakarta. Sannan ta ce yunwa take ji, ko akwai sauran shinkafar rana.

Washegari muka kwashe ta. Ina ɗaure dardumar na ga yayana ya sauko da baƙin akwatin a rungume, kundin a hammata. Ya buɗe bayan motata ya ajiye, ya sa tawul ya tokare kada ya motsa. Ya ce, "Gidanka ya fi fili." Ni kuwa ɗaki biyu ne da ni. Na ce masa haka ne.

Yau in ka je inda gidanmu yake ba za ka gane wurin ba, ni kaina sai na yi lissafi da dutsen da ke bayansa. Umma tana Ka'akiyya, ta mallake gidan yayana, har tana yi wa jikoki doka. Ranar Alhamis shi da kansa yake kawo ta wurina bayan la'asar, da hular a jakarta. Ya zauna a baranda da littafinsa, in an tsaya ya leƙo ya karɓi shayi. Bai canza ra'ayinsa ba, ni ma ban nemi ya canza ba.

Har yanzu ina ganin babu wanda ya fi ni iya wannan aiki a duk yankinmu, ba zan yi muku ƙarya ba. Kuma har yanzu na san tsarin da ke jikin lambobin shi ne wanda masu kiɗan suka nufa. Yana nan a kwamfutata, a wanke, a jere. Na taɓa sa shi sau biyu, duka biyun da aka wuce wurin sulhu aka koma gudu sai na ji kamar an yi baƙo an manta ba a raka shi ba, na kashe. Abin da ya canza a aikina kaɗan ne. Idan ɗalibi ya kawo mini kaset ɗin malaminsa, nakan share ƙara, amma wurin da malam ya tsaya ya sha ruwa nakan tambaya kafin in taɓa. Wani ya ce in yanke. Wani kuma ya ce a'a, bar shi, a nan ne yakan ɗago ya dube mu.

Ni da aka sani da surutu, a tsayawar nan biyar ne kawai bakina yake mutuwa. Hannuna yana kan mawanin, idona yana kan faifan, ina jira. A makon da ya wuce, tsakanin na biyu da na uku, Umma ta daɗe tana kallona, sannan ta ce tsakiyar kaina ta fara zama irin ta Baba. Na shafa na ji gaskiya ne. Na sa sabuwar allura, muka ci gaba.